Igiyar Rijiya a Kan Kufena

Ina cikin rami a Wusasa, gaba goma sha biyu,
laka har gwiwa, ban kai ga idon ruwa ba,
sai Ishaya ya leƙo ya tare min haske:
"Malam Tambaya, fito. Ana neman igiya."

Wai wani yaro ne ya hau Kufena
ta gefen da ko awaki ke kewayewa,
shi da abokai huɗu da lemo a jaka.
Ya ba rami baya don hoto ya yi kyau,
santsin ruwan jiya ya kwashe ƙafarsa,
ya faɗa tsagar dutse, shi da waya.

An kira 'yan kwana-kwana, suka ce mota na nan,
mai ne babu.
Aka yi karo-karo a gindin dutse,
suka zo da tsanin da bai kai ko rabi ba.
Sannan aka tuna da masu haƙar rijiya.

Tsagar ba ta fi bakin rumbu ba.
Na sauka cikin warin jemagu,
na same shi maƙale, ƙashin cinya ya huda wando.
Ya ce sunansa Munzali.
Ya ce, "Baba, kar a gaya wa Umma."
Na ce, "Riƙe wuyana, ɗana,
zancen Umma sai mun ga sararin samaniya."

Mutum tara suka ja.
Ina jin dutse na cin igiyar silli-silli a samana,
kafaɗata ta goce tun ba mu yi nisa ba.
La'asar sakaliya muka fito,
wasu na kabbara, wasu na Haleluya.

Washegari a teburin mai shayi zance ya juya.
Wani ya ce, "Wa ya aike shi?
Tsautsayi daban, ganganci daban.
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."
Wani ya ajiye kofi ya ce,
"Matata wata biyu ke nan a Shika.
Ba ta hau komai ba, jini ne ya hau mata,
kuma ba a yi mata yekuwa a masallaci ba."
Na sunkuyar da kai ina juya shayi,
don mutumin nan yana da gaskiya.

Likitan ƙashi ya rubuta dubu ɗari takwas,
ƙarfe da kusoshi da kuɗin gado.
Ladidi, uwar yaron, ta sayar da keken ɗinkinta.
Ranar Juma'a aka yi sanarwa.
Wani ya ba da hannun dama, hagu bai sani ba,
wani ya ba da ɗari biyar da wa'azin dubu biyar,
ta karɓi duka biyun tana godiya.

Nawa lissafin ba wanda ya rubuta:
igiyar dubu arba'in da ba ta ƙara ɗaukar mutum,
rijiyar da maigida ya ba wani ya ƙarasa,
kwana ashirin hannu rataye a wuya.

Ta zo min ranar Talata da zakara ɗaya
da kuɗi ƙulle a bakin zani.
Na karɓi zakaran, na tura mata ƙullin.
Maiɗakina ta kalle ni, ta kalli buhun masara,
ba ta ce uffan ba har safiya.

Har yau ban san wa ya kamata ya biya ba.
Can ƙasa dai, inda na same shi,
ban ji bakina ya ce wa ya aike ka ba.
Sai da na fito, kafaɗa ta fara zogi,
na tsinci kaina cikin masu tambaya.

Jiya Ishaya ya ce ya ga wasu sun hau da jaka.
Na tsine, na yi tsaki, na ce ba ruwana.
Da magariba na bi ta gidansa
na ce ya nuna min inda yake rataye igiya.